Wanda Bai Yarda Ba Ya Ɗaga Hannu

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta rahoton zaman daraktoci a Kamfanin Tonon Ruwa na Iyaka, kuma ban taɓa rubuta "a'a" ba ko sau ɗaya. Na iya rubuta ta sarai, babu dai wanda ya taɓa faɗinta a ɗakin.

Kamfanin na gwamnatin jiha ne. Ofishinmu yana Gumel, aikinmu haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyukan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Motar haƙa ɗaya gare mu tal, tsohuwa mai tari, in ta ga dama ta haƙa rijiya goma sha biyu a shekara. Ni ne sakatare, sunana Abdulbaqi. Ciyaman ɗinmu kuwa Alhaji Ɗantsoho, tsohon hedimasta, kuma mahaifin matata Rahamatu. To kun ji inda na maƙale.

Ba ni kaɗai ba ne a maƙale. Alhaji Shehu, ɗaya daga cikin daraktocin, Ciyaman ne ya yi masa waliccin aure. Malam Aminullahi ɗalibinsa ne tun aji uku na firamare, har yau idan Ciyaman ya yi gyaran murya sai ka ga ya gyara zama. Injiniya Hamza, manajan kamfanin, Ciyaman ne ya raɗa masa suna. Don Allah ku gaya mini wane ne a cikinmu zai buɗe baki.

Ga yadda zamanmu yake tafiya. A buɗe da addu'a, a kwashe rabin awa ana gaisuwa, har jikar maƙwabci sai an tambayi lafiyarta. Sannan Ciyaman ya faɗi abin da za a yi, ya ɗaga kai ya ce, "Ko da mai magana?" Nan take kowa zai gano cewa takalminsa abin kallo ne. In an jima wani ya ce Allah ya ƙara wa Ciyaman lafiya, a amsa da amin, ni kuma in rubuta: an amince baki ɗaya. A kawo shinkafa da kaji.

Kada ku ce surukina ɓarawo ne, wallahi ba ya cin na kowa. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya kallon idon dattijo ya ce masa ya jira. Mutanen ƙauye sun gano wannan tuntuni. Sai su yi ayari ranar Juma'a, su zube a tabarmar zaurensa, su gaishe shi har da kakanninsa, su ce shanunsu suna lasar laka. Ranar Litinin motar haƙa ta kama hanyar garinsu. Akwai rajistar masu neman rijiya a ofishin Injiniya Hamza, amma aikinta danne takardu kada fanka ta kwashe su.

Ni ɗan Garin Ɗantala ne, can bayan Sule Tankarkar, kusa da iyaka. Rijiyar garinmu ta ƙafe shekara shida ke nan. Innata ta haura saba'in, gwiwoyinta sun gaji, amma kullum sai ta bi jaki tafiyar awa guda zuwa rijiyar wani gari, ta ƙi yarda ta dawo Gumel wurina, wai ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki ba. Ɗanta kuwa yana zaune a kamfanin tonon ruwa yana rubuta "an amince baki ɗaya." Abin yana ci mini rai, ba kaɗan ba.

Mutanen garinmu su ma suna zuwa gaisuwa duk shekara. Amma su surukai ne. Ciyaman zai sa a yanka musu kaji, a yi hirar damina da farashin gero, su ji nauyin faɗin abin da ya kawo su, shi kuma ya ji nauyin tambaya, a rabu ana ta godiya. Na taɓa tambayar maigarinmu ko sun kai kukansu kamfani, ya ce tun shekarar da rijiyar ta ƙafe suka kai. Sai na lissafa a raina cewa in da za a bi rajista, mu ne na farko ko na biyu. Ban taɓa buɗe rajistar ba, kada a ce sakatare yana ja wa gida.

Ana nan sai ga takarda daga Dutse, daga ofishin da ke sa ido a kan kamfanonin gwamnati. Magana biyu ce a ciki. Ta farko, dole a sa mace a cikin daraktoci. Ta biyu, wani mai ƙwazo ya zauna ya karanta rahotannina na shekara goma sha ɗaya, ya ga ba a taɓa yin musu ba, don haka ana zargin daraktocin ba sa aikin komai sai cin kaji. Za a turo jami'a ta zauna a zama na gaba. In ba ta ga ana muhawara ba, za a rushe mu.

Ciyaman ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah. Wato yanzu zaman lafiya ya zama laifi." Ya juya wajen da nake, ba tare da ya kalle ni ba, don ba ya kallona kuma ba ya kiran sunana. "Sakatare, a nemo mana mai musu."

Muka fara gwaji da Malam Aminullahi. Aka ce ya miƙe ya ce bai yarda ba, ko da wasa ne. Ya miƙe, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai a nawa ɗan ƙaramin gani," sai gumi ya karyo masa, ya nemi izinin fita kama ruwa. Bai dawo ba sai da aka kawo abinci. Alhaji Shehu kuwa cewa ya yi gara a kore shi da ya yi wa waliyyinsa gardama a gaban baƙuwa.

A nan shaiɗan ya raɗa mini sunan Hajiya Tayyiba.

Hajiya Tayyiba Bafulatana ce, shugabar ƙungiyar mata masu sayar da man shanu, doguwa, ta kai sittin, bakinta kuwa ko 'yan kamasho na kasuwar Maigatari suna shakkarsa. Surukina Bamange ne, kakanninsa daga gabas suka zo, Barebari ke nan. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: kowanne ya kira ɗan'uwansa bawansa, ya gaya masa duk abin da ya zo bakinsa, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Duk ƙasar nan, ita kaɗai na sani da za ta iya gaya wa Alhaji Ɗantsoho magana ta kwana lafiya.

Ba a ba suruki shawara kai tsaye. Na gaya wa Rahamatu, Rahamatu ta gaya wa mahaifiyarta, bayan kwana biyu Ciyaman ya shigo ofis yana murmushi ya ce wata dabara ta faɗo masa. Za a sa Hajiya Tayyiba a kujerar mata, a huta da magana biyu a lokaci guda. Ya ma tsara musun da kansa. Zai ce a yi wa ƙofar kamfani fenti shuɗi, ita ta ce kore, a ja minti goma, a kayar da ita, baƙuwa ta rubuta ta koma Dutse. Muka ce Allah ya ƙara wa Ciyaman basira.

Ni aka aika in kai mata saƙon. Na same ta ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, zaune a cikin ƙorai, tana yi wa wani mutumin Damagaram faɗa da Fulatanci yana ramawa da Hausa. Na gaishe ta, na karanta mata darasin fenti. Sannan na rage murya na ce, in ta ga dama, akwai wata 'yar magana da ta fi fenti: motar haƙa ta riƙa bin rajista, wanda ya fara rubutowa a fara yi masa.

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Ɗan nan, kai ba kai ne mijin 'yar bawana ba?"

Na ce ni ne.

"Kuma kake haƙa masa rami a kasuwa?"

Na ce gyara nake nema, don talakawa.

"Talakawa," in ji ta. "Wane gari ne naku?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya har ɗankunnenta yana rawa, ta cika mini ƙaramar roba da man shanu ta ce in kai wa matata. Na dawo Gumel ina jin kaina wani gwanin siyasa.

Ranar zama ta zo. Jami'ar Dutse, Malama Lauratu, ta zauna a gefe da littafinta, ba ta dariya, ba ta taɓa lemon da aka ajiye mata ba. Hajiya Tayyiba ta shigo a makare, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "A'a, bawana, wa ya ba ka kujera ubangijinka yana tsaye?"

Ciyaman ya washe baki. "Ke 'yar daji, wa ya nuna miki hanyar gari? An wanke ƙafa kuwa kafin a tako mana kafet?"

Daraktoci suka yi dariya, irin wadda ake yi da baki a rufe. Aka yi addu'a, aka taƙaita gaisuwa saboda baƙuwa. Ciyaman ya kawo maganar fenti da murya mai nauyi, ya ce shi a ganinsa shuɗi, ya juya yana jiran kore.

"Shuɗin ya yi," in ji Hajiya Tayyiba. "Ku shafa mata toka ma in kun so, ƙofa ce."

Ciyaman ya ɗan daburce. Ya sake cewa shuɗi, da ƙarfi, ko ba ta ji ba ne.

"Na ji, na yarda. Ni tawa maganar daban ce." Ta gyara mayafi. "An ce mini motar nan taku ba ta da direba, tabarmar zauren bawana ce take tuƙa ta. Duk wanda ya zauna a kai ranar Juma'a, Litinin mota tana garinsu. To mu mutanen ruga ba mu iya doguwar gaisuwa ba, kuma ba mu da lokacinta, shanu suna jira. Na san ba laifinsa ba ne, Babarbare in aka kira sunan kakansa sau uku ko rigarsa ka roƙa zai tuɓe maka. Shi ya sa nake so in taimake shi. Daga yau mota ta bi rajista. Wanda ya fara rubutowa shi za a fara yi wa, ko wa ya zo gaisuwa."

Alƙalamin Malama Lauratu kuwa ya fara gudu.

Ciyaman ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. Bisa sabo ya ɗaga kai ya fara cewa, "Ko da mai..."

"Dakata, bawana. Yau ni na kawo magana, ni zan yi tambaya. Wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu."

Ban koya mata wannan ba, na rantse. A ɗakin nan ba a taɓa ɗaga hannu ba. Ɗaga hannu a gaban Ciyaman, kafin shi ya ɗaga, rashin kunya ne. Alhaji Shehu ya dubi takalminsa. Malam Aminullahi ya dubi na Alhaji Shehu. Kowa yana jiran Ciyaman, shi kuma in ya ɗaga, ya nuna maganar abokiyar wasa ta yi masa zafi, a gaban baƙuwa, kuma kafin la'asar labarin ya isa Maigatari cewa Bafulatana ta kayar da Ɗantsoho. Na ga hannunsa ya motsa a kan tebur, ya koma ya kwanta.

Malama Lauratu ta ɗago ta ce, "Sakatare, idan aka yi shiru haka, me ka saba rubutawa?"

Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali zuciyata rawa take yi. Na ce, "An amince baki ɗaya."

"To rubuta."

Ciyaman ya ce, "Ku ƙyale ta, wa yake jayayya da mai tallan nono." Sannan ya juyo ya kalle ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura mana aure. Na ɗauka fushi ne.

Malama Lauratu ta ce tunda an amince, a kawo rajistar a karanta, ta shiga rahoto. Injiniya Hamza ya ɗauko ta yana kaɗe ƙura. Ya fara karantawa. Na farko, Rugar Hardo Bilal, an rubuto shekara bakwai da suka wuce. Hajiya Tayyiba ta ce Allah sarki, ashe ƙanenta Hardo Bilal yana da rabo. Sai a lokacin na gane abin da ya ba ta dariya a kasuwa. Ban damu ba, na ce mu ne na biyu. Na biyu wani gari ne a Gagarawa. Na uku ma ba mu ba ne. Na gyara zama a na goma. Har na ashirin ban ji sunan garinmu ba. Injiniya ya kai talatin da ɗaya, ya rufe littafi.

Ban san lokacin da na ce, "Injiniya, duba ko wani shafi ya yage" ba. Kowa ya juyo, don ba a taɓa jin muryata ba tare da an tambaye ni ba. Injiniya ya duba gaba da baya, ya ce shafuka sun cika.

Da aka zo kan sauran batutuwa, Ciyaman ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun gaba, ya buɗe, ya daɗe yana kallonta, ya ninke ya mayar. Ya ce babu. Aka shafa fatiha. Malama Lauratu ta yaba mana ƙwarai, ta ce za ta ba da labarinmu a matsayin abin koyi, har ta sha lemonta.

Na isa gida bayan la'asar, na tarar Rahamatu ta ci kwalliya, ta yi funkaso da miyar taushe, abin da ba ta yi sai da dalili. Tun daga tsakar gida take tambaya, "Ya faɗa? Baba ya faɗa?"

Na ce ya faɗi me?

"Kai ma dai. Maganar garinku mana. Ranar Litinin motar za ta tafi."

Na nemi kujera na zauna. Ta ba ni labari tana murna, ba ta lura da fuskata ba. Ashe shekara shida abin yana damun tsohon. Kullum in mutanenmu sun zo sun tafi, sai ya kasa cin abinci. Kunya yake ji a ce ya kai motar gwamnati garin surukansa. Da ya ji baƙuwa za ta zo daga Dutse, sai ya ce ga dama ta samu, zai kawo maganar a gabanta a fili, kada wani ya ce a ɓoye aka yi. Har ya shirya da Alhaji Shehu ya goya masa baya. Ya ce kada a gaya mini, yana so in ji da kunnena ina cikin rubutu.

Na ce, "Ke kuwa me ya hana ki ɗan tsegunta mini?"

Sai a lokacin ta dube ni da kyau. Na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba, har zuwana Maigatari. Ta ce, "To kai ka tsegunta mini naka? Man shanu kawai ka kawo mini." Ta ɗauke funkason ta kai wa maƙwabta.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Sule Tankarkar, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni cikin rairayi. Na wuce kai tsaye wurin maigari, raina a ɓace. Na ce, "Baba maigari, ba kun ce kun kai kukanku kamfani ba?"

"Mun kai mana. Duk shekara muna zuwa, kai ma shaida ne."

"Takarda nake nufi. Kun rubuta?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Takarda? Mu rubuta wa surukinmu takarda, sai ka ce baƙi? Ai raini ne wannan. Kuma ga ka a ciki, da alƙalami a hannunka dare da rana. Mun ɗauka ka daɗe da sa mu."

Na yago takarda daga littafina, na ɗora a gwiwa na rubuta, ya dangwala yatsa. Lamba talatin da biyu. In motar ba ta kwanta ba, shekara uku.

Na tarar da Inna ta dawo daga ɗiban ruwa ke nan, tana zaune a gindin darbejiya tana matsa gwiwa, jakin ma ba a sauke masa jarkoki ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai ne tafe da ranar nan?" Ta lallaɓa ta ɗebo mini ruwa a moɗa, rabi. Na riƙe, na gaya mata komai, ina yi ina ƙara bayani a kan amfanin bin doka da tsari, yadda yanzu babu wanda zai sake tsallake wani. Ta saurara har na gaji na yi shiru don kaina.

Ta ce, "Ita takardar da ka rubuta yanzu, ta ɗauke ka lokaci mai yawa?"

Na ce a'a, ko minti biyar ba ta kai ba.

Ta gyaɗa kai. Ta dubi moɗar da ke hannuna ta ce, "Za ka sha?"

Na kasa. Ta karɓa, ta tashi da ƙyar, ta juye ruwan a randa, ta mayar da murfi.